Ranar da Na Musanta Haƙorana a Bakin Boda

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, da na tsaya a bakin bodar Jibiya, gaban surukina da taron jama'a, na yi kamar ban taɓa ganin haƙorana ba. Na san mutum kan musanta maganar da ya faɗa, wani ma in abu ya yi tsami ya musanta abokinsa, amma ban taɓa jin wanda ya musanta haƙoran bakinsa ba sai ni.

Ina da shagon kayan gyaran babur a Magama, kuma ni mutum ne mai ji da kamun kai (wasu na cewa abin ya yi yawa, ban musa ba). Duk duniya babu wanda nake so ya gan ni da mutunci kamar surukina, Alhaji Ilu, mahaifin matata Hajara. Dattijo ne daga Bugaje, manomi, mai fataucin hatsi, mai ƙarancin magana. Baba nake ce masa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama kan kujera a gabansa ba, ban taɓa yin dariyar da za ta bayyana haƙorana ba, in na hango shi a kasuwa tun daga nesa nake fara neman inda zan tuɓe takalmi. An sha kawo mini labarin cewa in zancena ya taso yakan ce, “Yaron nan yana da nutsuwa.” Wannan 'yar shaidar na riƙe ta kamar ƙwai, kuma ita ce na kusa fasawa a ranar.

Asalin abin haƙori ne, turmin ƙasa na gefen hagu. Na gefen dama na riga na rasa shi tun ina saurayi, saboda haka duk taunata a hagu take. Da ya yi kogo na bi shi da kanumfari, na bi shi da gishiri da ruwan ɗumi, na bi shi da ƙwayoyin kemis, har ranar da na tashi kuncina ya kumbura kamar na ɓoye goruba. Sai a sannan na yarda na tafi Katsina. Likitar haƙorin da na samu mace ce, siririya, mai magana a hankali kamar ba ta son ta tashi wani daga barci. Ta ce ko dai a cire shi gaba ɗaya, ko a cire jijiyar da ta ruɓe a ciki, a wanke ramin, a cike. Na ce a bar mini abina, shi kaɗai ya rage mini. Ta yi aikinta cikin zuwa biyu ko uku, zafi ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Da za mu rabu ta ja mini kunne cewa haƙorin da ba shi da jijiya kamar busasshen itace yake, sai na dawo an sa masa hula ta rufe shi, in ba haka ba zai iya tsagewa.

Na ce to. Kun san irin wannan “to” ɗin. Abin da ba ya ciwo wa zai rufe shago ya hau mota zuwa Katsina dominsa? Na ci gaba da harkokina, ina cin tsire, ina tauna aya, ina ma ba wasu shawara a kan ciwon haƙori kamar ni na karanta.

Wata safiya na farka na ji bakina da ƙasa-ƙasa kamar na kwana ina cin rairayi. Na tofar a tafin hannu, sai ga ɓarɓashin haƙori. Gefe guda na turmin ya ɓalle, alhali daren jiya tuwo da miyar kuka na ci, babu ko ƙashi a ciki. Na koma wurin likita ina sunkuyar da kai. Ba ta yi mini faɗa ba (da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi). Ta duba, ta ɗauki hoto, sannan ta tambaye ni ko ina tauna haƙora cikin barci. Na ce ko kaɗan. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, kamar ina farke lokacin da nake barcin.

Gaskiyar magana ita ce Hajara ta daɗe tana gaya mini. Ta ce in barci ya ɗauke ni sai ta riƙa jin ƙurus-ƙurus kamar ana niƙan dawa a kan dutse, wani lokaci har ta tashi ta duba ko ɓera ne. Ni kuwa na ce mafarki take yi. Da ta kai ƙarata wurin mahaifiyata, ita kuma ta yanke hukuncin tsutsar ciki ce, aka ɗirka mini jiƙo mai ɗaci har sai da na ga taurari, niƙa kuma bai fasa ba. Duk wannan ban gaya wa likita ba. Ita ma ba ta ja da ni ba, madubi kawai ta miƙo mini ta ce in duba. Haƙorana duk sun shafe a sama, sun yi sumul kamar an goge su da magogi. Ta tambaye ni ko nakan tashi da ciwon muƙamuƙi da nauyin kai. Na ce e. Ta ce tun yaushe? Na yi tunani, na ga tun lokacin da aka rufe boda ne, kasuwa ta mutu, na riƙa kwana da tunanin shago. Ta ce damuwar da mutum ya danne da rana, sau da yawa haƙoransa ne ke ɗaukarta da dare.

Allah ya taimake ni tsagewar ba ta kai saiwa ba. Ta kafa wani ɗan ginshiƙi a cikin haƙorin, ta gina abin da ya ɓalle, daga baya aka ɗora masa hula fara wadda in ba an nuna maka ba ba za ka gane ba. Sai dai ta ce aikin bai ƙare ba. Bakin da ya fasa haƙorin Allah, in ji ta, ba zai ji nauyin fasa na mutum ba. In kuwa saiwar ta tsage, babu sauran dabara sai cirewa. Maganin shi ne wata 'yar roba da zan riƙa sawa a kan haƙorana duk dare. Aka cusa mini wani ƙullu mai sanyi a baki na ciza, aka kwafi siffar haƙorana, aka zuba ta da wani irin siminti. Da na dawo karɓa sai aka ba ni abu uku: robar, mai garai-garai kamar ledar ƙanƙara, ɗan akwatin ajiyarta, da kuma shi zubin haƙoran, sama da ƙasa, wai in adana ko za a buƙaci sake wata robar. Launinsa rawaya-rawaya ne, irin na tsohon ƙashi. Ranar da na kai shi gida Hajara sai da ta yi a'uziyya.

Robar ta yi mini rana, wannan ba zan ɓoye ba. Ciwon kai ya tafi, muƙamuƙi ya saki, Hajara ta ce rabonta da barci mai daɗi haka tun tana gidansu. Amma na kafa mata doka: kada kowa ya ji. Magidanci kamata, mai 'ya'ya, a ce yana kwana da roba a baki kamar jinjiri? Ko ƙannena ban yarda su sani ba, balle gidan surukai.

Ana nan sai aka sa ranar ɗaurin auren Nasiru, ƙanin Hajara, a Maradi. Baba ya aiko cewa a motarsa zan tafi, kuma kwana za mu yi. Girmamawa ce babba, na yini ina jin daɗi, sai da Hajara ta tuna mini cewa maza baƙi ɗaki guda ake sauke su. In na sa robar, Baba zai gani. In ban sa ba, Baba zai ji niƙa, turmina kuma yana cikin haɗari. Na ce zan bar ta a gida, kwana ɗaya ko biyu ba za su kashe ni ba. Hajara ta ce ba ta yarda ba, ita ce ta sha wahalar jinyata, kuma ai likita ta ce babu wanda ya san a wane dare ne haƙori zai ce ya gaji. Na ga gaskiyarta. Na yanke shawarar zan tafi da ita a ɓoye, in an kashe fitila in lallaɓa in sa, kafin asuba in cire.

Daga nan wayona ya fara aiki, kuma duk wanda ya san ni ya san in wayona ya tashi sai a yi addu'a. Akwatin robar shuɗi ne garau, an zana masa haƙori mai ido da baki yana dariya, irin abin da ake ba yara. Na ce wannan ba zai shiga motar Baba ba. To in na cire ta daga akwati, zafin mota ba zai lanƙwasa ta ba? (Babu wanda ya ce mini haka, ni na ƙirƙiro.) Sai na kifa ta a kan zubin haƙoran don ta riƙe siffarta. Na tambayi Hajara ko akwai ƙyalle, ta miƙo mini ragowar farin yadin da aka ɗinka mini kaftanin bikin, ta wuce kicin abinta. Na naɗe haƙoran tsaf a farin ƙyalle. Don kada ya warware na ɗauko baƙin zare a keken ɗinkinta na ɗaure tamau, na yi ta zagayawa. Don kada ya yi wari na ɗiga masa turare. Sannan na jefa cikin baƙar leda. Na tsaya na kalli aikina na yaba wa kaina. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai da me ƙunshin nan ya yi kama ba.

Da safe ana loda kaya na faki ido na cusa ledar can ƙarƙashin huhun goro a but ɗin mota, nesa da jakata, don ko an buɗe jakar a gaban mutane kada a gani. Baba ya zauna gaba, direbansa Sanusi na tuƙi, ni da wasu dattawa biyu abokan Baba muna baya. Na sha sabon farin kaftani, na karya hula, na naɗe hannuwa a cinya kamar sabon ango.

A shingen binciken bakin boda aka tsayar da mu. Jami'in da ya zo mutumin kirki ne, ya gaida Baba da ladabi, ya ba da haƙuri cewa yadda zamani ya koma dole a duba kowace mota. Muka fito. Ya ɗaga buhun dabino, ya taɓa kwalin alawa, da ya ji ɗaurin aure za mu ya yi wa Nasiru addu'ar zaman lafiya. Har ya kama murfin but zai rufe, sai ya ɗan tura huhun goro gefe. Na ga baƙar leda ta leƙo.

Ya zaro farin ƙunshi ɗaure da baƙin zare, ƙamshin turare na tashi. Ya juya shi, ya dube mu, ya sa 'yar wuƙa ya yanke zaren. Ƙyalle ya buɗe. Sai ga haƙoran mutum, sama da ƙasa, rawaya, suna yi wa rana murmushi.

Jami'in ya ja da baya yana salati. Kan ka ce kwabo wuri ya cika: 'yan kabu-kabu sun jingine babura, masu sayar da fetur a kwalba sun bar kwalabensu, fasinjojin wasu motoci sun firfito. Kowa na leƙe, kowa na ja da baya. Wani ya ce na mace ne. Wani ya ce a'a, dubi girmansu, wannan ƙato ne aka tone. Jami'in ya ɗaga murya ya ce, “Na wane ne wannan a cikinku?”

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma biyu ce kacal. Amma na saci kallon Baba, na gan shi tsaye da carbinsa cikin babbar riga, na tuna “yaron nan yana da nutsuwa”, sai harshena ya ƙi motsi. Na mai da idona kan wata motar shanu da ke gefe kamar ni zan saye su. Dattawan nan biyu suna girgiza kai suna cewa duniya ta lalace, ni ma na girgiza nawa. Har (Allah ya yafe mini) na ji bakina ya ce, “Allah ya kyauta.” A raina ina lissafin in bar musu haƙoran su tafi da su, in koma Katsina a yi mini wasu, kowa ya huta.

Sanusi kuwa ya rikice, yana rantsuwa da duk abin da ya sani cewa shi goro da dabino kawai ya loda. Jami'in ya ce motar ba za ta motsa ba sai an san mai abin, ga shi ɗaurin aure ba ya jiran kowa. Yana magana yana jujjuya haƙoran da bakin ƙyalle, sai ya kifa su. Ashe masu zubin sukan rubuta sunan mai haƙora a ƙasa don kada su haɗu da na wani. Ni ban taɓa kifa shi na duba ba. Ya karanto sunana da na mahaifina, tiryan-tiryan, kamar mai kiran ɗalibai a aji.

Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Ashe da sauran kallo. Ɗaya daga cikin dattawan ya dafa kafaɗata cikin tausayi ya ce in yi haƙuri, aiki aka yi mini, Allah ne ya tona. Nan take taron ya juya, na tashi daga wanda ake tuhuma na koma abin tausayi. Wani har da tofa mini addu'a a ka. Kuma kada in yi muku ƙarya, na ɗan ji sanyi a raina. Na ga wata ƙofa ta buɗe: in yi shiru, in karɓi jaje, a ce maƙiya ne, a wuce wurin.

Sai wata dattijuwa 'yar kasuwa mutuniyar Maradi, da ke tsaye da ƙullin kayanta, ta matso ta ƙura wa ƙunshin ido, ta dawo ta ƙura wa rigata. Ta ce, “Wanga ɗaurin baki na, na san shi. Ku diba ƙyallen, ai na rigarshi na. Wa ka samun ƙyallen rigar namiji in ba matarshi ba? Ta ɗaure mishi baki don kada shi yi mata gardama. Ba ku ga ko magana ba shi iyawa?”

Jama'a suka dubi ƙyalle, suka dubi kaftanina, aka ɗauki “ƙwarai kuwa”. Wani ya ce matan yanzu sai addu'a. Wani ya tambayi 'yar gidan wa ce. Sanusi ya sunkuyar da kai, dattawan nan suka yi tsit, don su sun san 'yar gidan wa ce.

Na dubi Baba. Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Hajara ita ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya faɗa saboda kunya, “yarinyar nan” yake ce mata. Mutum irinsa ba zai buɗe baki a bainar jama'a ya wanke 'yarsa ba, ko da zuciyarsa za ta fashe. Ya dai sa ido a ƙasa. Matar da ta yi jinyata, ta hana ni barin robar don kada in rasa haƙori, ita ake yi wa wannan ƙazafi a gaban ubanta, ni kuma ina tsaye ina tattalin nutsuwa. Ban taɓa jin na raina kaina kamar wannan lokacin ba.

Na ce, “Yallaɓai, nawa ne. Haƙorana ne, ni na naɗe su da hannuna, matata ba ta ma san na yi ba.”

Kuna tsammanin an yarda? Dattijuwar ta ce ai ga shi nan, aikin ya ci shi, har kare ta yake yi. Jami'in ya ce ta yaya za su zama haƙorana alhali ga nawa a bakina? Na shiga bayani, na kawo jijiya, na kawo hula, na kawo ginshiƙi da siminti, har wani ya tambaya ko gini nake yi a bakin. Da na ga magana ba za ta fisshe ni ba, sai na miƙa hannu na ɓare robar daga kan zubin (ba wanda ya ma lura da ita), na cusa a bakina, ta shige ɗaf. Na juyo na fuskanci jama'a, leɓuna sun turo gaba, na yi ƙoƙarin cewa “kun gani”, abin da ya fito ba Hausa ba ne, kuma miyau ya biyo shi ya sauka kan sabon kaftani.

Jami'in ya ce in cire in buɗe bakin ya gwada. Haka na wangale baki a tsakiyar titi, na ɗaga kai sama kamar akuyar da ake dubawa a kara, shi kuma yana kallon zubi yana kallon bakina. Ya ga giɓin dama a can, ya gan shi a nan. Ya ga wani karkataccen haƙori na gaba a can, ya gan shi a nan. Dattijuwar ma sai da ta yi ɗage ta leƙa. Duk wannan Baba na tsaye kusa da ni, mutumin da bai taɓa ganin haƙorina ko ɗaya ba, yau ga shi har dasashi. Wani matashi ya ɗaga waya zai ɗauka, jami'in ya daka masa tsawa ya sauke. Har gobe ina yi wa bawan Allahn nan addu'a, da yanzu ina yawo a wayoyin mutane daga nan har Damagaram.

Wanda ya fara fashewa da dariya ban san shi ba, amma ta zagaye wurin kaf. Jami'in da kansa sai da ya dafa mota. Ya ba ni haƙuri, ya naɗe mini kayana, ya ce don Allah nan gaba in nemi akwati. Dattijuwar ta kama haɓa (su can lokotoro suke ce wa likita) ta ce, “Ɗana, lokotoro ya yi maka wanga? To ka gahwarce ni, ka ce ma ɗiyar mutane ta gahwarce ni, na ɗauki alhakinta.” Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya buɗe mota ya shiga.

Daga nan har muka wuce Ɗan Isa, har muka shiga Maradi, ina ganin kafaɗun Sanusi suna rawa don dariyar da yake dannewa. An ɗaura aure, an raba goro, an ci an sha, ni ban san me aka yi ba. Ina zaune ne kawai ina ta'aziyyar mutuncina. Na tabbata daga yau in an ambace ni a gaban Baba, abin da zai gani shi ne ƙaton baki a buɗe da miyau.

Bayan la'asar sauran baƙi suka fita zaga gari, na shiga masaukinmu don in ɓuya, sai na tarar da Baba shi kaɗai a kan darduma. Na juya da sauri, ya ce, “Zamna.” Na durƙusa can bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya.

“Da matar nan ta taɓa yarinyar nan, ni ba ni da bakin magana, ka sani. Kai ɗai nike jira. Na ga ka daɗe.” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. “Amma ka yi. Ka zaɓi a yi maka dariya da a zage ta. Na gode.”

Na kasa ɗaga kai. Idona ya ciko, ina ta cewa a yafe mini. Sai ya ce in matso in duba wani abu. Na ɗago, sai na ga Alhaji Ilu, dattijon da Bugaje kaf ke shakka, ya sa yatsa ya ja kuncinsa ya buɗe mini baki. Haƙoran gaba suna nan, gajeru, a shafe. Can ciki kuwa babu turmi ko ɗaya, dasashi ne fayau hagu da dama. Ya ce uwar yaran ta yi shekaru tana gaya masa yana niƙa cikin barci, yana ce mata sharri ne, har suka farfashe ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mutane na ganin ba ya cin nama a taro suna cewa tsantseni ne, ba su san ba shi da abin taunawa ba ne.

“Da an yi robar ga a zamaninmu, da na sa ta ko a tsakiyar kasuwa,” in ji shi. “Kada ka kuskura ka kwana ba ka sa ba don kunyata.”

Na sa ta kuwa, fitila a kunne, a gaban kowa. Ɗaya daga cikin dattawan ma har ya tambayi ko tana maganin minshari, don abokinsa.

Da na dawo gida na zayyana wa Hajara komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sai da na zo kan maganar dattijuwar dariyar ta tsaya. Ta tambaye ni ko na daɗe kafin in yi magana. Na ce ko kaɗan, nan take na buɗe baki. Ta ce to, ita dai matar Sanusi ba haka ta gaya mata ba. Na ba ta haƙuri na gaske, ta ce ta yafe, amma sai da na yi sati ina ganin shuɗin akwatin nan ajiye a kan matashina, haƙorin da ke jikinsa yana yi mini dariya.

Turmina yana nan daram, da shi na ci naman layyar bana. In na tauna nakan tuna likitar da ba ta yi mini gori ba, da matar da ta fi ni sanin abin da bakina ke yi, da dattijon da ya buɗe mini nasa don kada in tafi da kunyata ni kaɗai. A bakin boda kuwa sunana ya ɓace, Mai Haƙora ake ce mini, in na zo wucewa sai an tambaye ni ko an taho da su, ni kuma in ɗaga akwatin in nuna. Abin da na koya bai da yawa: kunya ado ce, amma in ka ga wani ne zai sha ɗacinta a madadinka, to ka buɗe baki da wuri. In ka tsaya jinkiri, sai ka buɗe shi har dasashi.